Ƙa'idar rashin tabbas ta Heisenberg: ba laifin na'ura ba ne

Kafin mu taɓo maganar ilektiron, ƴar mitsitsiyar ƙwayar nan mai ɗauke da lantarki da ke cikin atam, wato ƙananan tubalan da aka gina komai da su, ka ɗan yi min wani abu. Tafa hannunka sau ɗaya, tas! Yanzu in na tambaye ka yaushe ƙarar ta fito zaka nuna min lokacin daidai, don abu ne na ƙiftawar ido. To amma in na ce wace murya ce, siririya ce ko mai kauri, rera min ita in ji, nan zaka tsaya kana kallona, don tafi ba shi da wata murya guda da za a kama, hayaniya ce ta taso ta mutu nan take. Yanzu kuma yi fito, ka ja shi kamar daƙiƙa biyar ba tare da ka sauya murya ba. Wannan kam kowa zai iya kwaikwayonsa, muryar a fili take. Amma in na ce a wane lokaci fiton ya faru, tambayar ma ba ta zauna ba, ya faro can ya ƙare can, ya miƙe a kan daƙiƙa biyar ɗin gaba ɗaya.

In ka kama wannan to wallahi ka riga ka kama fiye da rabin abin da ake kira ƙa'idar rashin tabbas, wadda masanin fiziks Werner Heisenberg ya fito da ita a 1927, mai cewa ƙwaya ba ta samun takamaiman wuri da takamaiman gudu a lokaci ɗaya, kuma a ganina ba wani abu a fiziks da aka yi wa gurguwar fassara kamarta. Lura fa, ba kunnenka ne ke da matsala ba. Ko ka samo na'urar naɗar sauti mafi inganci a duniya ka naɗi tafin nan ka zuba a kwamfuta, ba za ta fito maka da murya ɗaya ba, saboda babu ita. Murya ai ba komai ba ce illa sau nawa iska ta kaɗa a cikin daƙiƙa, kuma kafin ka ƙirga kaɗawa sai an ba ka lokacin ƙirgawa. Tun 1822 wani Bafaranshe masanin lissafi, Joseph Fourier, ya nuna cewa kowace irin igiya, wato kaɗawa mai tafiya irin ta igiyar ruwa ko ta sauti, ana iya warware ta zuwa tarin igiyoyi masu santsi, kowace da nata zangon, wato tazarar da ke tsakanin tudunta ɗaya da na gaba. In guntun sauti mai kaifi kake son ginawa irin na tafi, dole ka taro muryoyi barkatai, sirara da masu kauri, su ƙarfafa juna a ɗan wuri ɗaya su kashe juna a sauran ko'ina. In kuma murya ɗaya tal ka riƙe, to ita ba ta da farko ba ta da ƙarshe. Iya gajartar sauti iya yawan muryoyin da ke cikinsa. Babu wani siddabaru a nan, injiniyoyin rediyo da na rada kullum da shi suke aiki.

To ina ruwan biri da gada, me ya haɗa ilektiron da fito? A 1924 wani Bafaranshen kuma, Louis de Broglie, ya zo da magana a kundin digirinsa na dakta, ya ce yadda haske da aka sani da igiya yake nuna halin ƙwaya, haka ƙwayoyi irin su ilektiron su ma suna da halin igiya. Har lissafin ya bayar, ya ce zangon igiyar ya rataya ne a kan momentam ɗin ƙwayar. Momentam kuwa shi ne nauyin abu a ninka da gudunsa, har da ɓangaren da ya dosa, shi ya sa tirelar da ke tafe a hankali ta fi keken da ke tsala gudu wuyar tsayarwa. Momentam mai yawa gajeren zango, momentam kaɗan dogon zango. A 1927 Davisson da Germer a Amurka suka harba ilektiron kan ƙarfen nikel, suka ga yana watsuwa irin yadda igiya ke yi, magana ta tabbata. Daga nan sai kawai ka dawo da labarin tafi da fito. Ilektiron mai momentam guda tsayayye shi ne fito, zangonsa ɗaya amma ya bazu ko'ina, ba ka da inda zaka nuna ka ce ga shi nan. Wanda aka matse a ɗan wuri kuma shi ne tafi, an san inda yake amma da zanguna barkatai aka gina shi, wato momentam barkatai. Taura biyu ba ta taunuwa.

A rubuce ga yadda take: Δx × Δp ≥ ħ/2. Kar alamomin su ba ka tsoro. Δx shi ne yadda wuri ya bazu, Δp yadda momentam ya bazu, ħ kuma wata ƴar mitsitsiyar lamba ce da aka samo daga lambar da Max Planck ya shigo da ita a 1900. Ninka biyun farko, duk yadda ka yi ba za su sauko ƙasa da rabin ħ ba. Abin da mutane da yawa ke tsallakewa shi ne ma'anar bazuwar nan. A ce ka shirya ilektiron 1000, duk ta hanya ɗaya sak, sai ka raba su biyu, 500 ka auna inda suke, sauran 500 ka auna momentam ɗinsu. Kaga babu ko ɗaya da aka auna sau biyu, don haka ba wanda zai ce awon farko ne ya dagula na biyu. Duk da haka sakamakon rukunin farko zai ɗan warwatsu, na biyu ma haka, kuma in ka ninka warwatsuwar biyun ba za ka taɓa samun ƙasa da iyakar nan ba. In ka sake shiri don rukunin farko su taru wuri ɗaya, na biyun sai su ƙara tarwatsewa. Abin tun daga yadda ƙwayar take ne, tun kafin kowa ya leƙo ta.

Akwai gwajin da zaka iya gani da idonka. Samo ƴar tocilan leza da reza biyu, ka jera bakin rezar suna fuskantar juna da ɗan tsaga a tsakani, ka haska lezar ta cikin tsagar zuwa bango a ɗaki mai duhu, ka dai kiyaye ido. Fara matso da rezar a hankali. Da farko ɗigon da ke bango zai yi ta sirancewa kamar yadda hankali zai ba ka, sai can in tsagar ta kai kamar kaurin gashi ka ga abin ya juye, hasken ya fara buɗewa gefe da gefe, kana ƙara matsewa yana ƙara faɗi. Ka takura wa hasken wurin da zai bi, shi kuma ya rama da bazuwar inda ya dosa. Wani zai ce ai haske ne, dama igiya ne, meye abin mamaki. Gaskiyarsa. Amma an yi da ilektiron, an yi da niyutiron, wata ƙwaya ta cikin cibiyar atam, kuma a 2002 masu bincike a Biyana ta ƙasar Ostiriya suka yi da wani ƙwallon molekul, wato dunƙulen atam, mai atam ɗin kabon har 70, shi ma ya buɗe kamar yadda lissafi ya ce.

To daga ina labarin nan ya fito da ake yawan ji a aji, wai in ka kalli ilektiron sai hasken da ka kalle shi da shi ya bangaje shi? Daga Heisenberg ɗin ne da kansa. A farkon 1927 yana ɗan shekara 25, yana aiki a cibiyar babban masanin fiziks Niels Bohr da ke Kofenhagen, abin da ke damunsa shi ne layin da ilektiron ke bari in ya ratsa akwatin tururi na gwaji, don a sabon lissafin da shi ya assasa a 1925 babu wani abu wai shi hanyar ilektiron, amma ga layi ɓaro-ɓaro ana gani a hoto. Bohr ya tafi hutu Nowe, shi kuma ya zauna shi kaɗai har ya gano cewa layin nan ba layi ba ne, jerin ɗigon ruwa ne, kuma kowane ɗigo ya ninka ilektiron girma nesa ba kusa ba, kenan ba wanda ya taɓa ganin ainihin hanya. Ya rubuta wa abokinsa masanin fiziks Wolfgang Pauli doguwar wasiƙa a watan Fabrairu, a Maris ya tura takardar. A ciki ne ya kawo misalin madubin ƙara girma da ke aiki da hasken gama, ya ce in kana son ganin wurin ilektiron da kyau sai da haske mai gajeren zango sosai, shi kuma irin wannan hasken duka yake da ƙarfi, zai sauya wa ilektiron gudu. Da Bohr ya dawo ya karanta sai ya ce sakamakon daidai ne amma bayanin madubin akwai gyara, suka yi ta ja-in-ja, Heisenberg daga baya ya faɗa da bakinsa cewa har hawaye sai da ya yi, a ƙarshe dai ya ƙara ɗan bayani a ƙasan takardar yana ambaton gyaran Bohr. Abin dariya, a 1923 mutumin nan saura ƙiris ya faɗi jarrabawar baka ta digirinsa a Munik, kuma cikin tambayoyin da suka kayar da shi har da ta yadda madubin ƙara girma ke rarrabe ƙananan abubuwa. Ita kuwa ƙa'idar a tsaftatacciyar surar da na rubuta a sama, Earle Kennard ne ya fitar da ita daga lissafi a cikin shekarar ta 1927, kuma a hujjarsa babu madubi babu bangaza.

Shi ya sa nake jin haushi in an haɗa ta da abin da ba ita ba. In ka sa abin gwada iskar taya, ƴar iska na fita, kenan awonka ya taɓa abin da kake aunawa. Wannan gaskiya ne amma ba Heisenberg ba ne, don da na'ura mai kyau zaka iya rage ɓarnar har ta zama ba komai. Haka masu cewa mutum na sauya hali in ya san ana kallonsa wai ƙa'idar rashin tabbas kenan, a'a, wannan halin ɗan Adam ne. Sai kuma masu cewa kimiyya ta tabbatar tunaninka ne ke halitta abin da kake gani, su kam sun yi nisa, ba sa jin kira. Awo a fiziks ba ya bukatar ido ko hankali, na'ura a rufaffen ɗaki tana yi ba kowa a wurin. Kuma sunan ma yaudara gare shi, ka ji rashin tabbas sai ka ɗauka komai a dagule yake, alhali lissafin kwantam, wato fiziks ɗin ƙananan ƙwayoyi irin su ilektiron, yana cikin mafi daidaiton hasashen da ɗan Adam ya taɓa gwadawa.

Me ya sa ba ma ganinta a harkar yau da kullum? Ƙanƙantar ħ ce. Rabinta a ma'aunin kimiyya, ka rubuta sifili da ɗigo, ka jera sifili 34, sannan ka sa 53. Ɗauki ƙwallon ƙafa mai nauyin giram 430, a ce ka san inda take har zuwa milimita 1. Bazuwar gudun da ƙa'idar ta wajabta mata, ko za a bar ta tana tafiya da shi tun farkon sararin samaniya shekara biliyan 13.8 zuwa yau, ba za ta matsa ko kashi ɗaya cikin dubu na faɗin atam guda ba. Don haka golan da aka zura wa ƙwallo ya nemi wani uzurin. Yanzu juya kan ilektiron, wanda nauyinsa kusan babu, ka tsare shi a fili mai faɗin atam, wato kashi ɗaya cikin biliyan 10 na mita. Lissafi ɗaya ne ba a sauya komai ba, amma bazuwar gudunsa sai ta haura kilomita 500 a daƙiƙa guda.

Nan ne wurin da na fi so a duk maganar. A 1911 Ernest Rutherford ya gano cewa atam kusan fanko ne, ƴar cibiya mai nauyi a tsakiya, ilektiron a kewaye. Nan take matsala ta taso, don cibiyar tana jan ilektiron, kuma a tsohon lissafi ilektiron mai zagaye dole ya riƙa zubar da makamashi yana matsowa har ya faɗa ciki, cikin lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa ba. Da haka ne da babu ni babu kai babu wayar da kake karatu da ita. To me ya hana? Ka ɗauki atam ɗin haidirojin, cibiyarsa ƙwaya ɗaya ce da ake kira furoton, sai ilektiron ɗaya. Ilektiron na son matsowa kusa, don iya kusancinsa iya ribar da yake samu daga jan furoton. Amma matsowa kusa na nufin zama a ƙuntataccen wuri. Ka rage faɗin wurin zuwa rabi, ribar jan ta ninka biyu, madalla, sai dai bazuwar momentam ma ta ninka biyu, shi kuwa makamashin motsi ba biyu yake ninkawa ba, huɗu yake yi. Kenan akwai inda in an wuce asara ta fi riba. In ka zauna ka lissafa wurin da cinikin ya faɗa, sai ka samu tazarar kusan nanomita 0.053 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita) da makamashi 13.6 a ma'aunin da ake kira ilektiron-bolt, kuma su ne alƙaluman da aka sani na haidirojin. Girman atam ba wani ne ya yanka masa ba, sulhu ne tsakanin ja da ƙin matsuwa. In an haɗa da dokar Pauli wadda ta hana ilektiron biyu zama a hali ɗaya, shi ne dalilin da ya sa kake zama kan kujera ba ka nutse ciki ba.

Daga nan abu ɗaya ya biyo baya, babu abin da ke tsayawa cak. Tsayawa cak a wuri guda na nufin wuri sananne da momentam sifili, duka biyun a lokaci ɗaya, kuma an hana. Ko an kai ƙarshen sanyi, digiri 273.15 ƙasa da sifili, atam na nan yana ɗan karkarwa. Hiliyam ne ya fi tona wannan asiri. Heike Kamerlingh Onnes ya mayar da shi ruwa a Laidin ta ƙasar Holan a 1908, a wajen digiri 269 ƙasa da sifili, amma duk yadda aka ƙara sanyaya shi ya ƙi daskarewa, saboda atam ɗinsa ba nauyi kuma ba sa riƙe juna da ƙarfi, karkarwar nan kaɗai ta isa ta hana su jeruwa. Sai a 1926 Willem Keesom ya daskarar da shi, shi ma da matsi, don sai an danna shi da abin da ya kai wajen ninki 25 na matsin iskar da muke ciki. A sama ma haka, tauraro irin Siriyus B nauyinsa ya kai na rana amma girmansa kamar na duniyarmu, man da yake ƙonawa ya ƙare, abin da ya tokare shi bai rufta ba shi ne ilektiron da aka cunkushe suka ƙi ƙara matsuwa. Tokarar tana da iyaka, wajen ninki 1.4 na nauyin rana, kamar yadda Subrahmanyan Chandrasekhar ya lissafa.

Akwai ƙa'idar rashin tabbas ta biyu da ake yawan kawowa, ta makamashi da lokaci, kuma nan sai an taka a hankali don ba irin ta farko ba ce sak. Lokaci a kwantam ba wani hali ba ne da ƙwaya ke ɗauke da shi kamar wuri, agogon bango ne kawai. Ma'anarta mai lafiya ita ce, duk halin da bai daɗe ba to makamashinsa ba shi da kaifi. Tafi ne dai ya sake dawowa. Ƙwayar da ake kira Z tana mutuwa cikin lokacin da in zaka rubuta sai ka jera sifili 24 bayan ɗigo, ba agogon da zai kama wannan, amma da aka yi ta ƙera ta a injin LEP na cibiyar CERN kusa da Janiba tun daga 1989, sai aka ga nauyinta bai tsaya a lamba ɗaya ba, tudu ne mai tsakiya a wajen 91 da faɗin wajen 2.5 a ma'aunin GeV, wanda ake auna nauyin ƙananan ƙwayoyi da shi. Daga faɗin aka karanto tsawon ranta. Abin bai tsaya nan ba, tunda iya yawan hanyoyin da za ta iya rushewa iya saurin mutuwarta, daga siffar tudun nan aka ƙirga cewa nau'in niyutirino, wasu ƙwayoyi marasa nauyi sosai da Z kan rushe ta koma su, uku ne, ba huɗu ba. Masu agogon atam kuma ta ɗaya gefen suke cin moriya, suna cilla atam ɗin siziyam sama a hankali ya tafi ya dawo don su samu dogon lokacin sauraronsa, iya tsawon fito iya kaifin murya. Amma zancen nan da ake yi wai ƙwaya na ranto makamashi daga babu ta biya kafin a farga, salon ba da labari ne kawai, a lissafin babu inda makamashi ya ƙaru ko ya ragu.

Kuma ba kowane abu biyu ne ke kishi da juna ba. Zaka iya sanin wurin ƙwaya ta gabas da yamma tare da momentam ɗinta na kudu da arewa, duka da kyau, ba mai hana ka. Howard Robertson ne a 1929 ya fitar da dokar gaba ɗaya, cewa rikicin na tasowa ne tsakanin abubuwan da jerin auna su ke da tasiri, kamar safa da takalmi, wanda ka fara sawa yana sauya sakamako. Misali mafi tsafta shi ne sifin, wani hali na ilektiron da ke sa shi zama kamar ɗan maganaɗisu, wanda gwajin Stern da Gerlach na 1922 a Farankfot ya fara nuna alamarsa. Ka auna shi ta sama da ƙasa, amsa biyu ce kawai, ka ware masu sama zalla. Ka sake tambayarsu, duk za su ce sama. Yanzu auna su ta dama da hagu, rabi dama rabi hagu. Ɗebi na dama ka koma tambayar farko, sai ka ga rabi sun ce ƙasa, alhali da hannunka ka tace su.

Wannan halin ne Charles Bennett da Gilles Brassard suka mayar makullin ɓoye saƙon sirri a 1984. Mai aika saƙo na tura ƙwayoyin haske ɗaya bayan ɗaya, kowace ya rubuta mata sifili ko ɗaya ta ɗayan salo biyu masu kishi da juna, a tsaye da kwance ko kuma a karkace, ba tare da ya faɗi wanne ya zaɓa ba sai daga baya. Ɗan leƙen asirin da ya tare hanya dole ya yi canke, rabin lokaci zai auna da salon da ba shi ba, ya goge abin da ke ciki. In ya tare duka ya sake turawa, kusan kashi 25 cikin 100 na abin da ya kamata ya dace tsakanin mai aikawa da mai karɓa zai saɓa, suna gwada ɗan samfuri sai asirinsa ya tonu su watsar da makullin.

Kar kuma ka tafi da cewa abin na ƙananan halittu ne kawai. Na'urar LIGO a Amurka, guda biyu ce, ɗaya a Hanford ɗaya a Livingston, kowace da hannu biyu masu tsawon kilomita 4 da madubai masu nauyin kilo 40, ita ce ta fara jin igiyar girabiti, wato kaɗawar sarari da ƙarfin jan manyan abubuwa ke haifarwa, ranar 14 ga Satumba 2015, daga karon baƙaƙen ramuka biyu, wuraren nan na sararin samaniya da ko haske ba ya kuɓuce wa jansu. Motsin da take nema bai kai kashi ɗaya cikin dubu na faɗin furoton ba, kuma a wannan matakin hayaniyar kwantam ta hasken lezar kanta ce ke toshe mata kunne. Ga inda wayon yake. Ƙa'idar ba ta ce kowane ɓangare sai ya kai kaza ba, ninkin biyun ta sa wa iyaka. Kamar balan-balan ce, ka matse nan ta kumbura can, to sai ka matse gefen da ya dame ka ka bar kumburin ya tafi inda ba ruwanka. Carlton Caves ya kawo shawarar tun 1981, ana kiran abin matsattsen haske, LIGO ta fara aiki da shi gadan-gadan a 2019. Sai dai kumburin bai tafi a banza ba, yana komawa ya riƙa girgiza madubin, e, madubi mai kilo 40, har sai da suka ƙara wani bututu mai tsawon mita 300 da ke juya matsin gwargwadon muryar da ake saurare, suka shiga zagayen 2023 da shi.

Einstein dai bai taɓa kwanciya da abin ba. A taron Solvay na 1930 a Burasel ya kawo misalin akwati cike da haske, rataye a jikin sifirin, da ƴar ƙofa mai agogo da za ta saki ƙwayar haske ɗaya, ya ce agogo zai ba ni lokaci, awon nauyi zai ba ni makamashi, ina rashin tabbas ɗin? An ce Bohr bai yi barcin kirki ba a daren, da safe ya dawo da amsa daga ka'idar Einstein ɗin kansa, cewa agogon da ya motsa sama ko ƙasa a cikin girabiti gudunsa na sauyawa. A 1935 Einstein da Podolsky da Rosen suka sake dawowa ta wata ƙofar, suka ce ƙila ƙwayar tana da wuri da momentam ɗinta a ɓoye, lissafin ne bai cika ba. John Bell a 1964 ya nuna yadda za a gwada wannan, gwaje-gwajen da suka biyo baya kuma, waɗanda suka kai Clauser da Aspect da Zeilinger ga kyautar Nobel ta 2022, sun rufe ƙofar irin ɓoyayyun amsoshin da Einstein ke fata, wato waɗanda abin da ke nesa ba ya shafarsu nan take. Don adalci, akwai fassarar David Bohm ta 1952 wadda ta ce ƙwaya na da takamaiman wuri a kowane lokaci, amma ta yarda da tasiri daga nesa, kuma ko a cikinta ba ka isa ka shirya ƙwayoyin da za su karya iyakar Kennard ba.

Shi kuwa tsohon labarin madubin, na cewa iya kyan awonka iya ɓarnar da ka yi, ya sha bincike daga baya. A 2003 Masanao Ozawa na Japan ya nuna cewa in aka fassara kuskuren awo da ɓarnar awo ta wata hanya, ninkinsu zai iya sauka ƙasa da abin da aka daɗe ana jingina wa Heisenberg, ya kuma kawo gyararren lissafi. A 2012 aka gwada a Biyana da niyutiron, aka gwada a Toronto da ƙwayoyin haske, sakamako ya bi Ozawa, jaridu suka yi ta buga cewa an karya Heisenberg. Shekara na zagayowa Busch da Lahti da Werner suka fito da tasu hujjar, cewa in aka auna kuskuren ta ingancin na'urar gaba ɗaya ba ta hali guda ba, maganar Heisenberg na nan daram. Rigimarsu a kan me ake nufi da kuskure ne, kuma duka ɓangarorin biyu da lissafin Kennard na 1927 suke kafa hujja.